Talibambam a Hawa na Uku

Ranar da na gan shi ban je sayen kifi ba,
ruwan saman Limerick na fake wa a shagon dabbobi,
kayan asibiti a jikina, idona cike da barcin da ban yi ba.
Sai ga wani ɗan abu, bai kai ƙwayar gujiya ba,
ya tsaya cak a tsakar ruwa, ya juyo ido guda ya dube ni,
ɗayan idon kuwa yana can yana harkar gabansa.

Mai shago ya karanta takarda: daga kogin Pamba, ƙasar Indiya.
Na ce sake faɗa.
Kogin da uwata ta wanke ni a cikinsa,
inda Chandy, mahaifina, ke zubar da irinsu daga koma
yana tsaki, wai ba sa ciyuwa,
ga shi an rataya wa ɗaya kuɗin burodi biyu.

Uku na saya, don na ɗauka kaɗaici ciwo ne ga kowa.
Kafin Lahadi ya yage wa biyun wutsiya.
Na mayar da su. Na raɗa masa Unni.
Ashe wani da ɗakinsa kaɗai yake zaman lafiya.

Sai hidima ta fara.
Ba ya cin garin gwangwani, ko kallo bai ishe shi ba;
tsutsa ja daga firij, a narke ta, a miƙa da hantsaki,
da ƙananan dodon-koɗi don ya gasa haƙori,
haƙorin da in an bar shi zai toshe masa baki.
Malachy, tsohon da ke ƙasa da ni, mai kunne ɗaya da ke ji,
shi ya ɗauki kiwon dodon-koɗi a tulun gilashi kan taga,
yana ba su ganyen latas, yana ƙirga su da sunan 'yan majalisa.
Duk Laraba sai ya hawo, yana haki, da bakwai a cokali.

Jikarsa ta ce, Sosamma, tsorata shi mu ga ya kumbura.
Na ce a'a.
Kumburin nan ba wasa ba ne, ihu ne na wanda ba shi da murya.
Na sha ganin irinsa a gado na tara,
mutum ya cika ya batse don kada a ga tsoronsa.

Daren da guguwa ta ɗauke wuta, hita ta mutu,
ma'aunin zafi na sauka kamar guga a rijiya.
Na cire bargona na lulluɓe akwatin,
Malachy na dafa ruwa a gas, muna ɗurawa a kwalabe,
muna jingina su da gilashi, in sun huce mu sake.
Ina kwarfar ruwa da kofi ina zubawa don ya sha iska.
Ƙarfe huɗu tsohon ya yi gyangyaɗi a kujera,
ni da hannu a sandare ina ta waƙar masu kwalekwale,
wadda na rantse na manta.

Da asuba wuta ta dawo. Na ɗaga gefen bargo.
Ya fito daga bayan ganye, launinsa ya koɗe,
ya zo dab da gilashi, ya harare ni
harara irin ta wanda aka makara da karin kumallonsa.

Yanzu duk Asabar ina sauya sulusin ruwa,
in auna, in ɗiga magani, in jira.
Uwata a waya tana dariya: abin da ubanki ke yarwa?
Na ce shi fa, Amma.
Mu biyu kogi guda ya sallamo,
shi a lita arba'in, ni a ɗaki biyu,
kowa da hitarsa.